Ɗan Ja Mai Madubi Ɗaya

Wata goma sha huɗu ina zubi
a adashen Lantana mai ƙosai.
Daren da kwasa ta zo kaina
na ƙirga kuɗin sau bakwai,
na cusa a safa, na danne da matashin kai.

Da safe na tashi Barau bakanike,
mai jin ciwon inji tun daga bakin titi,
muka nufi Sabon Gari.
A shagon Obinna sababbi sun jeru cikin leda,
ko kuda bai sauka a kansu ba.
Na tambayi ɗaya. Ya faɗi kuɗi.
Na ji safar ta yi sanyi a aljihu.

Barau ya ce, "Kai mai zuwa Shika kullum
daga Ƙofar Gayan,
me za ka yi da roba-roba?
Ta masu zuwa suna ce da cefane.
Nemi mai ƙashi, mai shan mai da kunya."

Can bayan shago, jingine da bango,
ga wani ja, na hannu,
tanki da lotsi, madubi ɗaya.
Barau bai dubi fenti ba.
Ya durƙusa, ya sa yatsa a bakin salansa, ya shinshina,
ya buga kik sau ɗaya, ya kasa kunne
kamar likita a ƙirjin jariri.
Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa.
"Wannan bai taɓa acaba ba. Biya."

Ranar farko ya mutu mini a Kwangila,
tsakiyar hanya, tirela a baya tana hon,
wani ɗan acaba ya wuce yana dariya:
"Malam, saki kulocin a hankali, ba bashi ba ne!"
Har yau in na saki kuloci
muryarsa nake ji.

Yanzu mun saba.
Na san ramin da ke gaban Agoro,
ya san inda nake tsayawa sayen burodi.
Asma'u kan tanki, jakarta a ƙirji,
ina sauke ta makaranta a Tudun Wada
tana jan kunnena wai na manta kuɗin tara.
Akuyar Tukur-Tukur kuwa, mai farin goshi,
sau uku tana gwada birkina,
sau uku muna rabuwa ba gaisuwa.

Ran da ruwa ya tare mu kusa da Kubanni
mu tara muka fake a rumfar mai faci.
Babu wanda ya san sunan wani,
amma kowa ya buɗe jakar labari:
wannan fulogi ya ci amanarsa daren Juma'a,
wancan sarƙa ta tsinke masa da buhun masara,
wani dattijo ya nuna tabon salansa a ƙwabri
ya ce ya girmi ɗansa na fari.
Ni na faɗi yadda mai ya ƙare mini a Palladan,
na kwantar da shi, na hura tanki da baki,
ya tashi, ya kai ni gidan mai da ƙyar, yana tari.
Ruwa ya ɗauke, kowa ya goge mazauni da hannun riga.

Inna ta rantse ba za ta hau ba.
"Abin da ba ya tsayuwa sai an tokare shi?"
Sai gwiwa ta matsa mata wata Talata,
babu mota, asibiti yana Wusasa.
Ta hau a karkace, tana ta salati,
ta damƙe rigata har maɓalli ya fita.
Na tafi a giya biyu,
masu keke suna wuce mu.

Wajen Ɗanmagaji na ji riƙon ya sassauta.
A madubina ɗaya na ga mayafinta yana tashi.
Ta sunkuyo kusa da kunnena:
"Kai, Tanimu,
iyakar gudunsa ke nan?"